Man da Na Zuba wa Babur ɗin Kálmán

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na safe

Likita ce ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa rubuta awon hawan jinina safe da yamma, da rana da lokaci. Yau ɗari da saba'in da biyu. Jolán, matata, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ka ga aikin gishiri ko, tsoho?" Na ce mata e, gishiri ne.

Yau za a yi wa aminina Kálmán aiki a ƙugu. Ƙashin ya karye gida biyu. Shekara arba'in da shida muna hawan babur tare, ban taɓa ganinsa a ƙasa ba sai jiya.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Hajnalka, 'yarsa, ta bugo waya. An gama aikin, ya farfaɗo, har ya fara masifa wai an ɓoye masa tabarau. Sai ta ce, "Baba Vili, kai ne kake binsa a baya. Me ka gani?"

Na ce mata rana ce ta haske mini ido.

Jiya babu rana.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Babur ɗin yana garejina. Mai gidan burodi ne ya ɗauko shi a motarsa ya sauke mini, don kowa a garin nan ya san inda Pannónia, wato babur ɗin Kálmán, take zuwa in ta yi tari. Baƙa ce, ƙirar 1967, ta girmi Hajnalka da shekara goma sha ɗaya. Fitila ta fashe, tanki ya lotsa ta hagu, shi ke nan. Ƙarfen da yana da inganci, mutumin ne ba shi da safaya.

Da na shiga ban kunna murhu ba. Na kama hannuwan babur ɗin, na matse birki, na danna gaban da duk nauyina. Shokar gaba, wato ƙafafun ƙarfen nan biyu masu riƙe da taya, kamata ya yi su nutse su dawo a hankali. Ji na yi kamar turken ƙarfe nake dannawa. Na sāke, na kuma sākewa. Sai na lulluɓe shi da tsohon bargo na fito.

Ɗari da saba'in da takwas.

Laraba, 26 ga Maris, tsakar rana

Bari in rubuta abin da na gani, tunda littafi ba ya bugo wa kowa waya. Mun fita gwaji ne, don ranar Lahadin ƙarshen Afrilu Fada, limamin cocinmu, zai sa wa babura albarka a filin coci kamar kowace shekara, kuma Kálmán ba ya yarda ya je da abin hawan da bai gwada ba. An kwana da sanyi, ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara. Muka biyo gangaren bayan coci, inda titin jeren duwatsu ne. Tayarsa ta gaba ta yi tsalle sau uku kamar ƙwallo, a na ukun ta dira a karkace. Fitilar birkinsa ba ta kama ba ko sau ɗaya. Kafaɗunsa ba su motsa ba. Mutumin bai yi komai ba.

Mako ɗaya ke nan cif da ya kawo mini ita. Ya shigo da tumbinsa a gaba, da wata kwalba mai sheƙi a hannu.

"Ga shi, gwani. Hajni ce ta sayo mini ranar da na cika saba'in da ɗaya. Man shoka ne, lamba goma. Mijinta ya bincika a waya, wai shi ne daidai da tsofaffin babura."

Na ɗaga kwalbar na girgiza. "Wannan ruwan shayin? Da wannan tumbin naka? Ai kana hawa gaban zai durƙusa ya gaishe ka."

"Tumbin nan matarka ce ta gina shi, je ka kai ƙara can. Kai dai zuba, kada yarinya ta ji haushi. Ka ji ko, Vili? Shi za ka zuba."

Na ce na ji. Ya tafi.

Ni Vilmos, tun ina shekara sha shida ban taɓa zuba man shoka daga kwalbar kanti ba. A zamanin da na koyi aiki babu shi ma a kantin. Maigidana Baba Ödön haɗawa yake yi, man inji mai kauri da tsinkakken man na'ura, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashin taga da ya jingine a jikin bulo, ya ƙirga har ɗigon ya kai wani zane da ya yi da ƙusa. In ya kai a sha biyu, ya yi. Gilashin yana hannuna har yau. Mutane daga garuruwa uku suke kawo mini babura saboda wannan sha biyun, ni kuma ina jin kai da ita, ba zan ɓoye ba.

Baba Ödön a waje yake jingine gilashinsa, a dandamalin taga, da sassafe. Ko ana zuba ƙanƙara a waje yake yi. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, don na san dalilin.

Ranar Larabar nan gwiwata tana ciwo, murhu kuma yana ci.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Na fitar da gilashin waje. Na kwance notin ƙasan shoka na tari ɗigo ɗaya.

Sai da na ƙirga arba'in da ɗaya kafin ya kai zane.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar Larabar nan da na haɗa shi a gefen murhu, a takwas ya kai zane, shi ya sa na ƙara mai kauri. Ya kai a goma, na sāke ƙarawa, ina dariyar tumbin Kálmán ni kaɗai. Ɗan koyo na wata biyu ya san mai yana tsinkewa a ɗumi ya daskare a sanyi.

Yau na tsiyaye shi duka, ƙafa biyun. Na juye a duron tsohon mai. Na wanke cikin da kananzir har sau biyu, na busar, na fasa murfin kwalbar Hajnalka, na auna da sirinji na zuba. Na danna gaban, ya nutse ya dawo kamar numfashin mai barci. Ruwan shayin nan ya yi daidai.

Ina aikin ina ce wa kaina gyara nake yi, ai ba a barin abin hawa da lahani. Gobe Juma'a masu kwashe tsohon mai za su zo su ɗauke duron.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Sun ɗauke.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Jolán ta tasa ni gaba muka je asibiti. Ta yi masa miyar kaza a ƙaramin kwano mai murfi. Yana kwance ya rame a fuska, tumbin dai yana nan.

"A'a, ga mai gudun gawa ya zo! Mako guda, Vili? Na ɗauka sai ranar jana'iza za ka leƙo ka ci abinci."

"Aiki ne ya yi mini yawa."

"Wane aiki? Kai da kwastomominka duk rabi sun mutu. Yaya yarinyata?"

Babur yake nufi. Na ce fitila ce kawai da tanki. Ya lumshe ido don daɗi.

Da Jolán ta fita neman cokali, ya yafito ni. Ya ɗaga hannun dama ya miƙe shi a iska. Yatsun suna ɗan rawa.

"Ka gani? Tun bara. Ban gaya wa kowa ba. Ina jin shi ne ya fizge ni, mutumina. Ban tuna komai ba, daga coci sai silin ɗin nan. Amma me kuma zai zama? Babur ɗin daga hannunka ya fito."

Na san rawar hannun nan. Ina ganinta in ya ɗauki kofin gahawa, ina kau da kai. A kan babur kuwa ban taɓa ganinta ba, in ya kama hannun babur cak take tsayawa. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Sha miyarka tun da zafi."

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Ɗari da tamanin. Ban je ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Ban je ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Hajnalka ta zo gareji da mijinta Levente. Ni na riƙe ta a hannu ranar da aka yi mata baftisma, yau ga ta da furfura biyu uku a goshi. Ta zauna a kan kujerar ubanta, wadda ƙafarta ɗaya guntun katako ne.

"Baba Vili, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Baba ya nuna mini hannunsa. Na ce masa in babur ne ya yi laifi, zai koma gidansa, in ya warke ya ci gaba da hawansa, ba ruwana. In kuwa shi ne, to ya gama. Zai dawo wurinmu a birni, a sayar da gidan. Ba zan zauna ina jiran wayar da ta fi wannan muni ba."

Na ce, "Hajni, hawa na bakwai kuke. Mutumin da yake da inabi a tsakar gida, da kabarin mahaifiyarki a ƙarshen layi?"

"Akwai na'urar hawa. Kuma shi ya yarda, ya ce adalci ne."

Levente yana ta murza hula a hannu. Ya ce, "Kada ka ɗauka raini ne, Baba. Za mu kai babur ɗin wurin wani mai duba tsofaffin ababen hawa a birni, don dai a ce wani na waje ya gani. Ka san in kai ka faɗa za ta ce kare abokinka kake yi."

Yaron kirki ne. Na sha yi masa ba'a wai hannunsa bai san sifana ba sai waya. Shi ne ya zaɓi lamba goma.

Hajnalka ta hango kwalbarta a kan kanta, ba komai ciki. Ta yi murmushi ta ce, "Ashe ka zuba. Na yi zaton za ka ce ruwan shayi ne."

Ni da kaina na taya su ɗaure babur ɗin a tirela. Na ɗaure shi da kyau ƙwarai.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na zauna ina fatan mutumin birnin ya sami wani abu. Ko birki, ko boris ɗin taya, ko ma mene ne. Kai, har na tuna wani noti da da na sassauta shi kafin su tafi. Dubi inda na kai, ni da ake kira gwani.

Alhamis, 10 ga Afrilu, tsakar rana

Levente ya dawo da shi, da takarda mai hatimi. Birki lafiya, taya lafiya, shokar gaba lafiya lau, mai sabo kuma daidai da ƙa'ida.

"Baba, ka ji abin da ya ce? Wai shekara talatin yana wannan aiki bai ga cikin shoka mai tsabta irin wannan ba. Ya ce duk wanda ya yi, a gaishe shi."

Ya miƙo mini hannu, na karɓa. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, na rasa inda zan sa idona, sai na ce masa ya kula da tudun bakin ƙofa.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Ɗari da tamanin da biyar. Jolán ta ɗauke gishiri daga tebur gaba ɗaya.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Muna cin abinci ta ajiye cokali.

"Tsoho, shekara arba'in da uku ina wanke rigar aikinka. Ranar da ka yi aikin shoka, kananzir take wari. Ta yi wari ranar Laraba kafin Kálmán ya faɗi. Ta sāke yi ranar Alhamis bayan ya faɗi. Babur nawa ne a garejin nan?"

Na ce, "Ɗaya."

"To."

Ta ɗauki cokalinta. Ni ne na yi ta magana, na gaya mata murhu, da takwas, da goma, da arba'in da ɗaya, da duro. Ta saurara har ƙarshe.

"Murhun ba komai ba ne, kowa yana kuskure. Duron ne ban gane ba. Wa na aura, Vili?"

"Zan gaya masa."

"Yaushe?"

"In ya ɗan ji ƙarfi."

"Shi ko kai?"

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

An sallame shi, yana gida da sanda biyu, Hajnalka ta ɗauki hutu tana jinyarsa. Na je. Na tsara maganar tun daga ƙofar gidana, na maimaita ta a gaban gidan burodi, na maimaita a gaban coci. Na tarar da shi a ƙarƙashin inabi yana nuna wa Levente inda ake yanke reshe.

"Ba nan ba, ɗan birni! Ido biyu ake bari. Kai, bar shi ma, wanda zai sayi gidan ya yi yadda ya ga dama."

Ya ga ni ya washe baki. Ya sa aka fito da barasar da ya dafa da 'ya'yan itacen gonarsa, muka sha ɗan kofi ɗai-ɗai. Ya yi ta ba da labarin shekarar da muka tafi bakin tafki da matanmu a baya, ruwa ya kama mu, matarsa marigayiya Etelka ta rantse ba za ta sāke hawa ba, washegari ita ta fara sa hula. Yana dariya har da hawaye. Ta ina zan shigo da maganar duro a cikin wannan?

Na dawo da ita a bakina yadda na tafi da ita.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Ban je ba. An kafa allon sayarwa a ƙofar gidansa, Jolán ta gani.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Washegarin Ista. Tun muna samari, a irin wannan rana ni da shi mukan hau babura mu bi gidaje muna yayyafa wa mata turare, su ba mu jan ƙwai da naman alade. Shi yake fara yayyafa wa Jolán, ni in yayyafa wa Etelka, da ta rasu sai na koma kan Hajnalka. Yau ya bugo waya ya ce a ba Jolán, ya karanta mata waƙar yayyafin ta waya, ya ce ta ɗiga turaren da kanta a madadinsa. Ta yi dariya a waya, ta ajiye ta yi kuka, ta juyo ta kalle ni.

"Gobe," na ce.

"In ba ka je gobe ba, jibi ni zan je."

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Na je. Na faɗa. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara wa kaina labarin ba.

Na san baki kawai ba zai isa ba, don haka da safe na sāke haɗa man, daidai yadda na haɗa ranar Larabar nan, na zuba a kwalbar zuma. Na naɗe gilashin Baba Ödön a tawul, na ɗauki bulo. Na isa wajen ƙarfe ɗaya. Gidan duk kwalaye ne, an sauke labule, an kashe firiji an bar ƙofarsa a buɗe yana shan iska. Kálmán yana tsakar gida a rigar shan iska, don yau rana ta buɗe sosai, har zuma suna ta kai-kawo a furanni.

Na ce Hajnalka ma ta zo ta zauna. Na tsaya a tsaye kamar ɗan makaranta na faɗi komai. Ban zuba man Hajni ba. Na haɗa nawa a gefen murhu. Ya yi kauri, sanyi ya daskarar da shi, taya ta yi tsalle. Na ga fitilar birkinsa, ba ta kama ba. Na tsiyaye, na wanke, na zuba na kwalba, aka ɗauke duro. Na ce, "Ba hannunka ba ne, Kálmán. Nawa ne."

Ina jiran ya jefe ni da sanda, wallahi da na ji daɗi.

Sai ya ce, "Jolán ce ta kitsa maka wannan, ko kai kaɗai ka zauna ka ƙirƙiro?"

"Gaskiya nake gaya maka."

"To nuna mana, tunda ka zo da kayan tsafinka."

Na jingine gilashin a kan tebur, na ɗiga. Shi ya ƙirga da bakinsa, da ƙarfi. Gilashin ya sha rana a hanya, man ma haka. Ɗigon ya gangara abinsa.

"Sha huɗu," in ji shi. "Wannan ne ya karya ni? Biyu kacal a kan ƙa'ida?"

"Yau zafi ake yi! Ranar nan ƙanƙara ce. A kawo ƙanƙara ka gani."

Hajnalka ta waiwaya ta kalli firijin da ke buɗe.

"Ko ruwa ka sa a ƙanƙara ai zai daskare, wannan ba hujja ba ce," in ji Kálmán. "Zauna, tsoho, kana sa ni ciwon wuya. Hajni, kin san wannan mutumin? A shekarar da aka haife ki, ya tuƙo kilomita ashirin cikin ruwa don ya mayar wa wani direba wosha ɗaya, ɗan zoben ƙarfen nan na noti, da ya manta bai sa ba. Wosha! Shi ne wai zai canza mai a ɓoye, ya zo asibiti ya kalli idona, ya bar ni wata guda ina zargin hannuna? Vili? Da ka ce mini ka yi kuskure kawai, wataƙila in yarda. Amma ka cika gishiri. Ba ka iya ƙarya ba, ba ka taɓa iyawa ba."

"Na iya," na ce. "Wata guda ina yi."

Ya yi dariya har ƙugun ya amsa, ya dafe shi. Hajnalka ta taso ta rungume ni, tana kuka a wuyan rigata.

"Baba Vili, na san ba ka son ya tafi. Ni ma ba don ina so ba ne. Amma ka zubar da sunanka na shekara hamsin saboda shi? Allah Ya bar zumunci. Ba zan manta maka wannan ba."

Na rantse musu da kabarin uwata. Kálmán ya daina dariya, ya ce, "Kai, bar uwarka ta huta. Ya isa haka. Takarda ta faɗa, hannuna ya faɗa. Na riga na sa hannu a cinikin gidan tun ranar Alhamis. Ka bar ni in tafi da mutuncina, kada ka sa in fara sa rai."

Ranar Alhamis. Ranar da na rubuta ban je ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Jolán ta je da kanta ta gaya musu zancen kananzir. Kálmán ya ce mata, "Ashe ku biyu ne a ƙungiyar." Ya ba ta tukwanen furen Etelka guda huɗu.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

An sa wa babura albarka. Sun kai sittin a filin coci. Levente ya kawo Kálmán a mota, aka sa masa kujera a gaba. Ya sa na turo Pannónia, na riga na sa mata sabuwar fitila, na buge lotsawar tanki. Fada ya yayyafa mata ruwa kamar sauran.

Da aka watse ya ciro makulli daga aljihu, da tsohuwar igiyar fatar nan da Etelka ta kitsa.

"Riƙe. Ba sayarwa ba ce, kada ka buɗe mini baki. Wa zan ba in ba kai ba? Kai kaɗai na yarda ka taɓa ta."

Hannunsa yana rawa da ya miƙo. Na karɓa.

Laraba, 30 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Sun tafi. Ya zauna a gaba, sandunan a tsakanin gwiwoyinsa. Bai waiwayi gidan ba, inabin ya kalla.

Lahadi, 4 ga Mayu, tsakar rana

Ɗari da sittin da takwas. Likita ta ce ana samun ci gaba.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe shida saura kwata na safe

Sanyin tsakiyar Mayu ya zo kamar yadda yakan zo, manoma tun jiya suke ta lulluɓe tumatir. Na farka na ga rufin gareji fari. Ko takalmi ban tsaya ɗaurewa ba. Kwalbar zumar tana dandamalin taga na waje, nan na bar ta tun ranar nan, gilashin ma haka.

Na san ba ya barcin safe. Na buga, ya ɗauka a bugu na biyu.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Akwai ƙanƙara a nan. Ina waje, gilashin yana gabana. Kada ka ce komai, ka saurara kawai."

Na ɗiga, na fara ƙirgawa a bakin waya. Na wuce sha biyu. Na wuce sha huɗu. A ashirin da kyar ɗigon ya kai rabi. Ina jin numfashinsa, da ƙarar motocin birni can ƙasa da shi. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Ya kai zane a talatin da tara.

Na ce, "Ka ji?"

Na duba wayar, ba ta yanke ba.

"Na ji," in ji shi. "A nan ba a ganin ƙanƙara, sai rufin motoci. Sabbin masu gidan sun lulluɓe inabin kuwa?"

Na ce ban sani ba.

"Je ka duba mini. Ka sa riga mai kauri, Vili, sanyi zai kama ka."

Na je. Ba su lulluɓe ba.